Kirarin babana a filin Goronyo

Ban taɓa zuwa wasan makaɗi ba sai shekarar da munka yi gudun hijira zuwa Goronyo. Kawuna ya ja ni bayan la'asar, wai in sha iska. Fili ya cika maƙil, lasifika na bugun haƙarƙarina.

Mawaƙin tsoho ne, mai waƙar manoma. A al'ada, in ya kama kirarin mutum, sai mutumin ya shigo fili ya ɗaga hannu. Wasu sunka fito ana guɗa. Sai na ji sunan ƙauyenmu, sannan sunan babana, sarkin albasa wanda rana ba ta korar shi daga gona. Ba wanda ya gaya wa tsohon cewa ɓarayin daji sun harbe baban nawa cikin gonar nan.

Ya sake kira. Makaɗa sunka sassauta, suna jira.

Na ce, "Kawu, mi za mu yi?"

Ya ce, "Tashi. Ba a barin kirari ƙasa."

Na shiga fili na ɗaga hannu, jama'a na ta tafi. Har yau ban yafe masu tafin nan ba.