Cizon da ya rufe a hannun Arzika mai faci

Ina cikin ɗaure buhun gero a bayan mashin da safen nan wayata ta yi ƙara. Ƙanen Arzika ne daga Sakkwato. Abin da ya ce kawai, "Nasiru, ya cika."

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Na zauna bisa buhun, na daɗe ban tashi ba.

Duk ɗan kabu-kabun da ke bin hanyar Kebbe zuwa Tambuwal ya san Arzika mai faci, a gindin darbejiyar nan ta bakin garin Kebbe. In na gangaro ina tura mashin, tun daga nesa zai fara dariya: "Ga direban jirgi nan! Wanga tubu naka, faci ya fi roba yawa." Sai ya miƙo mini ruwan randa, ya ce in sha tukuna, taya ba ta gudu.

Ni mai son kallo ne. Nakan tsuguna in ga yadda yake nutsa tubu cikin daro, yana juya shi sannu sannu har ɗan kumfa ya taso. Inuwar ganye na rawa bisa ruwan, shi kuma ya ƙura masa ido. Wani lokaci sai in ga kamar ba huji yake nema ba, wata magana yake saurare a ƙarƙashin ruwan.

Bayan girbi ne wani baƙon kare ya shigo gari. Ya cafki ɗiyarsa Hajo a dunduniya, tana kawo masa abincin rana. Arzika ya finciko shi, karen ya juyo ya cije shi a hannu. Samari suka kashe shi. Aka yi yadda muka taso muka ga ana yi: aka yanki gashin karen, aka ƙona, aka kwaɓa da man shanu, aka shafa musu su biyu.

Ciwo ya rufe tas. Kowa ya ce alhamdu lillahi.

Har nuna mini tabon ya yi yana taƙama: "Duba nan, direba. Ko ni ban iya faci mai kyau haka ba."

Aka ɗauki makonni ba komai. Sai tabon ya fara masa ƙaiƙayi. Sai zazzaɓi. Sai ranar da na iso na tarar da daron a kife, ba kowa a inuwar. A gida na same shi. An miƙo masa moɗa, yana ganin ruwan ya zabura, wuyansa ya shaƙe, ga ƙishirwa ƙarara a idonsa.

Mutumin da kullum hannunsa yana cikin ruwa.

Da muka kai shi asibiti a Tambuwal, na tambayi wata nas dattijuwa yadda ciwon da ya warke zai dawo. Ba ta raina tambayata ba. Ta ce, "Ɗana, fata ce ta warke. Ciwon haukan kare ƙwayar cuta ce da ake kira bairos, cikin yawu take shiga. Takan fara laɓewa cikin nama, sannan ta kama jijiya ta riƙa hawa kaɗan kaɗan har ƙwaƙwalwa, mutum bai jin komai. Tana hanya, allura na tare ta. In ta isa, sai dai addu'a." Ta ce da an wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa an kawo shi da wuri, da wata maganar ake yi.

Tun daga lokacin nake ganin abin a idona kamar wani matafiyi marar magana. Ba ya sauri, ba ya tsayawa shan ruwa. Mun rufe masa ƙofa, ashe ya riga ya shige, yana ta tafiyarsa a hanyar da ba mu gani.

Nas ɗin ta tambaya, "Wa kuma karen ya taɓa?"

Arzika ne ya amsa daga kan gado. Hankalinsa yana zuwa yana komawa, amma a lokacin ya dawo sarai. Ya ce a rufe taga, iska na yi masa ciwo. Sannan ya kira ni da sunana, abin da bai taɓa yi ba.

"Nasiru, ka ji abin da ta ce? Abin ga tafiya shika yi. Nawa ya iso. Na Hajo daga ƙafa ya taso, shina hanya. Kai ka san hanya. Ka riga shi."

Maganarmu ta ƙarshe ke nan. Aka wuce da shi Sakkwato, ni na juya Kebbe.

Kakar Hajo ta ce ina zan kai yarinya lafiyarta lau, ga ta can tana wasan gala-gala. Na zauna bakin zaure ina ba ta haƙuri har uwar yarinyar ta fito da ita, ta ɗaura mata kallabi, ta ce, "Ku tafi." A asibitin Tambuwal aka yi mata allurar farko. Akwai saura.

A hanya ta riƙe rigata ta ce, "Kawu, in tayarka ta sace, wa zai yi mana faci?" Na ce mata ba za ta sace ba.

Allah ka ji ƙan Arzika. Ka yafe masa, ka sanyaya kabarinsa. Ya bar duniya da ƙishirwa, ya Allah ka shayar da shi daga Alkausara.

'Yan uwa, duk wanda ya karanta wannan ya sa shi cikin addu'a. Ku haɗa da Hajo. Gobe bayan an yi zaman gaisuwa zan ɗauke ta mu koma Tambuwal allura ta gaba. Ku roƙa mana Allah ya sa mun riga shi.