Sharar Gonar Baba

Mahaifina manomin Katsina ne, kuma manomin Katsina gara ka zage shi da ka ce gonarsa da datti. Ƙasarmu ta can jigawa ce, ta ciyar da mu har ta gaji. Shi ya sa da na samu aiki a sakatariya, farkon yin jihar Taraba, na ɗauko shi zuwa Jalingo, muka samo masa wani kurmi a hanyar Sunkani.

Ina tsaye ranar da ya fara tura hannu cikin ƙasar nan. Baƙa wuluk, ga danshi, ga ƙamshi. Ya shinshina, sai ga hawaye. Ya ce, "Wannan kam ba za ta mutu ba. A nan zan bar wa jikokina abinci."

To, sai aka sare kurmin. Ko ɗorawa ɗaya bai bari ba, wai inuwa tana cutar amfani. Kuma duk bazara sai ya yi sharar gona irin ta gida: ya sa manjagara ya tara ganye da kara, ya cinna wuta, ya bar fili tas kamar tsakar gida. Maƙwabcinsa wani dattijo ne ɗan Mumuye mai noman doya, gonarsa duk kututture da ruɓaɓɓen ganye. Baba ya sa masa suna rago. Shi kuwa sai ya yi dariya ya ce, "Baba, kasa yana cin ganye fa, kai ka hana shi abinci." Baba ya ce, "Ji min mutum! Wai ƙasa ta ci shara."

Daminar farko sai da muka ɗauko akori-kura don kwasar masara. Amma ruwan Taraba ba ruwan Katsina ba ne, in ya gangaro daga duwatsu ba ya sallama. Kowace damina rafin da ke ƙasan gonar ya yi baƙi, ita kuma gonar tana ƙara ja. Muka zuba takin zamani, ta shanye ta yi shiru. Marmara ta fito, fartanya ta fara ƙara in ta sauka. Masara ta tsaya iya gwiwa.

Wata Asabar na same shi a tsakiyar fili yana kallon tafin hannunsa. Ya ce, "Katsina ta biyo ni." Kuma bai daina shara ba, ko da babu abin sharewa. Har yau in na ji ƙarfe yana karce ƙasa mai tauri, gabana faɗuwa yake.

Dattijon nan ya bar tsokanarsa. Wata rana ma ya kwaso ganye daga gonarsa ya baza masa ba tare da ya faɗa ba. Washegari Baba ya share ya ƙone.

A daminarsa ta ƙarshe ya tsiro da wani abu. Da ruwa ya ɗauke sai ya gangara rafi da kwanon tuwo, ya kwaso baƙar laka, ya hauro da ita ƙafa tana rawa, ya juye a gona, ya koma. Na yi faɗa har na gaji. Na ce, "Haba Baba, don girman Allah ka bari, ni zan sayo hatsi." Ya ce, "Hatsi na ce maka? Gonata ce take tafiya."

Ranar da ƙafar ta ƙi hawa, dattijon ne ya aiko aka kira ni. Na tarar da Baba zaune a bakin rafi, jiƙe sharkaf. Kafin ya yarda in goya shi sai da ya miƙo min kwanon ya ce, "Riƙe da kyau, kada ta zube." Bai ƙara tashi daga shimfiɗa ba.

Da aka gama rufe shi, na juye lakar a kan kabarin, ɗan baƙi a kan jar ƙasa. Kafin sadakar uku aka yi ruwa. Na koma na duba, kabarin ja ne gaba ɗaya.