Yaji da Maɓallin Rufin Asiri

Na san Yaji tun yana yawo ba wando a bakin cocinmu na Nassarawo a Mubi, shi ya sa idan na ji 'yan ban, wato makaɗan coci, suna ce masa Oga, tari kawai nake yi. Uwarsa Margret ce ke buga tulu a Zumuntar Mata, ni kuma nake ba da waƙa. A 1991, yana ɗan shekara takwas, ya fasa mana tulu biyu cikin wata guda, wai yana koyo. Ubansa Ishiyaku, kafinta kuma dattijon ekklesiya, ya zane shi, ya ce kiɗa ba sana'a ba ce. Bulala ba ta yi aiki ba. Yaro ya koma buga bencin coci, da tukunyar uwarsa, da kan ƙanensa.

A 1999 coci ta sayi kibod na kiɗa. Wani ɗalibi ya koya wa Yaji na mako uku, sai ya gama karatu ya tafi. Abin da ya bar masa biyu ne. Na farko, wuri ɗaya na ɗora yatsu, wanda makaɗa ke kira ki. Na biyu, wani ɗan maɓalli da ke ɗaga sauti ko ya sauke shi ba tare da ka motsa hannu ba.

Mu kuwa matan Zumunta ba ma jiran kowa ya ba mu murya. Inda maƙogwarona ya tashi da safe, nan nake farawa, kuma idan waƙa ta yi zafi sai mu dinga hawa. Makaɗi na gaske bin mu yake yi da yatsu. Yaji da maɓalli yake bin mu, ƙit, ƙit, yana lumshe ido kamar Ruhu ne ya sauko.

Ni ce nake tsayawa daf da shi. Wata Lahadi bayan sujada na ce, "Yaji, sauran haƙoran kibod ɗin nan na ado ne? Ga nan ya goge har ya yi ja, ga can sabo fil."

"Mama, a rufa mini asiri."

"Ka je ka koya mana."

"Zan koya, Mama. Bayan Kirsimeti."

Kirsimeti goma sha biyar suka wuce. Ba zan ci haƙƙinsa ba dai. Bai taɓa kunna kibod bai durƙusa ya yi addu'a ba. Masu otal sun neme shi ya ƙi. Duk jana'izar da aka yi, ko ta wanda ba shi da kowa, za ka gan shi da kibod a ka. Ƙaryarsa ɗaya ce, kuma girmanta bai wuce ƙwayar wake ba.

Ƙarshen Oktoba 2014 'yan bindiga suka shigo Mubi. Na bi ta Gella da ƙafa har Kamaru. Yaji ya ɗauki iyayensa biyu a mashin ɗaya. Da muka dawo bayan watanni, coci ba rufi, kibod ya narke ya zama dunƙule.

Malam Tsoho mai gyaran rediyo, wanda kakanninsa suka zo daga Katsina, ya ara mana wani tsohon kibod da aka bari a shagonsa. Ranar Asabar da la'asar sai ga Yaji a gidana, fuska kamar mai zawo.

"Mama, maɓallin nan ba ya aiki. Malam Tsoho ya buɗe, ya ce sai dai haƙuri."

"To?"

"Gobe sujadar farko, kowa zai zo. Baba zai zauna a gaba. Idan ya gane, zai ce dama ya faɗa, kuma dattawa za su ba wani kujerata. Don Allah ki fara a nawa ki ɗin."

"Shekara talatin ban karɓi murya daga hannun namiji ba, sai a kanka?"

Ya tafi ban ce masa e ba, ban ce a'a ba.

Lahadi muka taru tsakanin bango huɗu baƙi ƙirin, rana a kanmu. Ba mai kallon wani, don kowa na ƙirga waɗanda babu. Na tashi na ja waƙa can sama, inda ni kaina da ƙyar na kai. Yaji ya laluba nan, ya laluba can, kibod yana kuka kamar akuyar da aka taka. Sai ya ɗauke hannu ya miƙe.

"Jama'ar Ubangiji, ina da furci. Ki ɗaya na iya. Duk shekarun nan maɓalli ne yake bin ku, ba ni ba. Na ƙi in fara sabon gida da tsohuwar ƙarya."

Sai Ishiyaku ya gyara zama ya ce, "Wa kake gaya wa? Ni nake gyara teburin kibod ɗin. Gefe ɗaya kullum yake lotsawa."

Margret ce ta fara fashewa, sannan fasto, sannan kowa. Tun dawowarmu ban ji an yi dariya ba sai ranar. Wasu dariyar ta juye musu kuka, aka ƙyale su.

Da aka lafa na ce, "Zauna, maƙaryaci. Ba ni naka ɗin."

Ya taɓa, na karɓa. Ya yi mana ƙasa ƙwarai, muka rera kamar maza masu mura, amma mun kai ƙarshe tare. Ba wanda ya ƙara zancen kujera, kuma Ishiyaku ya yi masa sabon tebur cikin makon nan.

Bana, 2017, Yaji ya iya ki uku, yana ta fankama. Ni kuma duk Lahadi a na huɗu nake farawa.