Gwaggo Hajo da Tubabben Wiwi

Duk wanda ya taɓa durƙusawa gaban Gwaggo Hajo don gaisuwa ya san abin da ke biyo baya. Kana cikin "ina kwana Gwaggo, ina gajiya, ya ƙarfin jiki," ita kuwa hannunta ya riga ya kai bakin rigarka. Ta lalubi zare guda ta zaro, ta murza a yatsu, ta kai hanci, wani lokaci har ta sa haƙori. Sannan ta yanke hukunci: "Leda!" In ka yi sa'a ta ce, "To, da dama-dama." Sai bayan nan take amsa gaisuwar.

Ni na fi kowa shan wannan azaba, domin ni tela ne, ga shi yayar mahaifina ce, gida ɗaya muke nan Bakura. Ranar aurena na sha babbar riga da na ɗinka da hannuna, na shigo da abokaina mu gaishe ta. Ta kama zare a bakin aljihu ta ja. Zare ya yi ta zuwa, ta yi ta ja, aikin wuyan riga yana warwarewa ina kallo.

"Lawwali, wa ya ɗinka ma wagga?"

"Ni ne, Gwaggo."

"To, Allah shi ba amarya haƙuri."

Mazarinta na kaɗi kuwa ba ya rabuwa da ita. Gidan suna, gidan biki, cikin mota, tana magana yana juyawa. Kuma ba ta yarda da komai da baki. Labarin rediyo ne, maganin mai talla ne, saurayi ne ya zo neman wata jikarta, amsarta ɗaya ce: "Sai na murza."

To, shekarar da wasu malaman gona daga wata cibiyar bincike suka zo da sabon iri, an tara masu 'yan ƙananan gonaki na bakin hanyar ruwan noman rani a ƙarƙashin darbejiyar ƙofar Hakimi. Gwaggo tana da ɗan fili can da ta gada, don haka ta ɗauki tabarmarta ta je ta zauna gaban maza, ba wanda ya iya ce mata uffan. Shugaban tawagar, wani siririn mutum mai tabarau, ya yi bayani mai daɗi. Ya ce shuka ce da ake yi don zare, kamar rama, ana igiya da buhu da tufa da ɓawonta, ana matse mai daga 'ya'yanta. Gwaji ne za a yi da izinin hukuma, a kewaye gona da waya, a kafa allo, iri kyauta. Kowa na gyaɗa kai. Sai ya buɗe jaka ya ɗaga hoton ganyen.

Jama'a, sai wani daga baya ya ce, "Auzubillahi! Ai wiwi ne!"

Mai tabarau ya yi ta rantsuwa. Ya ce dangi ɗaya ne, amma wannan ba ya bugarwa, ko kadada guda mutum ya shanye ba abin da zai samu sai ciwon kai. Ina! Wannan ya tuna ya bar ruwa a buɗe a gona, wancan ya ce alwala ta kama shi. Kafin ka ce me, tabarmi sun yi fili.

Gwaggo ta miƙa hannu. "Kai mai gilashi, daina wahal da bakinka. Miƙo man zaren."

Ya ba ta wani ɗan curi mai kalar ƙasa-ƙasa. Ta tsefe, ta murza, ta naɗa a yatsa ta ja har yatsan ya yi fari. Ta sa haƙori. Ta ɗago ta dubi mai tabarau.

"A sa sunana," in ji ta.

Kun san mahaifina Malam Ummaru shi ne ladanin masallacin unguwarmu. Labari ya riga Gwaggo isa gida. Ta tarar da shi tsaye a zaure, carbi a hannu.

"Yaya, mi nika ji? Wiwi? Ni ina kiran salla ke kina noman wiwi? Da wace huska zan kalli mutane?"

"Da wadda kaka kallonsu kullum. Ba ka da wata."

"Ai dangin wiwi ne, shi kanshi mutumen ya hwaɗa!"

Gwaggo ta zauna a dakali ta fiddo mazari. "Ummaru, kai da Sani ba ciki guda kunka hito ba?"

Baba Sani ƙaninsu ne, Allah ya gafarta masa, wanda a ƙuruciyarsa ba akuyar da ke kwana da kwanciyar hankali tsakanin Bakura da Mafara.

Baba ya ce, "Mi ya kawo zancen Sani?"

"Kamarku guda, har hancin. An taɓa hana ka kiran salla don awakin da ya kora? To wanga ma haka. Wancan shi ne Sani, nawa shi ne ladan."

Baba ya shige ciki yana salati. Daga ranar ta raɗa wa shukar suna Tubabbe, kuma sunan ya bi gari.

Amma abin bai zo da sauƙi ba, kada mu yi ƙarya. Mata biyu sun daina aiko mata da kaɗi. Wasu sun ƙaurace wa sahun da Baba yake a masallaci na ɗan lokaci, shi kuwa ya daina cin tuwon da ta tuƙa. Yara suna binta da waƙar "Gwaggo mai wiwi." Ita ko a jikinta. Kullum da hantsi ta yafa gyale ta nufi gona, ta buɗe ruwa, ta tsaya tana yi wa shukar faɗa kamar jikokinta: "Ku miƙe, 'yan banza, duk gari na kallonmu!" Suka kuwa miƙe. Cikin ɗan lokaci sun fi ta tsawo, sun fi ni, sirara, kore shar, a cunkushe kamar gero ya samu taki.

Nan ne 'yan majalisar bakin tasha suka fara sha'awar harkar noma. Garba Kabu-kabu, wanda tunda aka haife shi ba a taɓa ganinsa da fartanya ba, sai ga shi kullum yana wucewa ta gonar Gwaggo yana "sannu da aiki." Wata rana da azahar, tana gida, shi da abokansa biyu suka ɗaga waya suka yagi ganye suka cika buhu. Suka shanya a bayan tasha, suka naɗa, suka yi ta zuƙa suna jiran duniya ta juya. Duniya ta ƙi juyawa. Sai tari, sai hawaye, sai kai kamar ana sara da gatari.

Rashin kunyar Garba, shi da kansa ya zo ƙorafi. Ina zaure bisa keken ɗinki ya shigo, ido jawur, murya a dishe.

"Gwaggo, gaskiya an cuce ki. Irin ga da anka ba ki jabu ne."

"Ashe? Ya anka yi ka sani?"

"Wani ne... wani abokina ya gwada."

"Abokin naka da maƙogwaronka ya sha?"

Garba ya sunkuyar da kai. Ni kuwa na kifa fuska kan keke, ina ƙunshe dariya.

Ta ce, "Kun yi man aikin da mai gilashi ya kasa. Yanzu za ka tahi bakin tasha, da kasuwar Mafara ran Talata, ka hwaɗa wa kowa abin da ka samu. In ko ka ƙiya, ni da ƙahwata za ni wurin uwarka."

Garba ya fi tsoron uwarsa da ofishin 'yan sanda. Ya zama mai shela ba ko sisi. Duk fasinjan da ya hau bayan babur ɗinsa sai ya ji: "Wallahi kada ka wahal da kanka, ba komi cikinshi, ni shaida ne!" Abin da takardar izini da allon hukuma suka kasa, tarin Garba ya yi shi. Matan nan biyu suka dawo da kaɗinsu kamar ba a yi komai ba.

Da aka yanke, malaman gona suka auna suka kwashi nasu, suka bar mata kasonta. Ta tona rami bayan gida ta jiƙa karan kamar yadda ake yi wa rama. Wari! Ku da kuke maƙwabta kun tuna. Kaji ma sun canza wurin kiwo. Baba ya ce a gaya mata, tunda ba ya yi mata magana kai tsaye, cewa warin na karya masa alwala. Ta ce a gaya masa ta duba, ba ya cikin abubuwan da ke karya ta. Ta ɓare, ta wanke, ta shanya, ta zauna ita da wani tsoho mai tufka suka yi igiyoyi. Ko tsinke ba ta yar ba: karan ya shiga murhu, ragowar ya zama shimfiɗar awaki.

Da damina ta kankama aka gayyace mu ɗaurin aure Janbako. Muka cika motar Shehu direba, Baba a gaba, Gwaggo a baya da ƙullin kayanta ɗaure da sabuwar igiya, kauri kamar babban yatsa, ta naɗa ta naɗa har ƙullin ya koma kamar ganga. Shehu ya dube ta ta madubi.

"A'a, Gwaggo mai wiwi! Kada dai a tsare mu a hanya saboda ke."

Ta dube shi ta ci gaba da kaɗinta. Wannan ma ya isa ya tsorata mai hankali.

Kun san hanyar Janbako in an yi ruwa. Bayan mun wuce Maradun da kaɗan mota ta faɗa wani taɓo har gindi. Muka fito muka tura, taya na feshe mu da laka, farar shaddar Baba ta koma kalar kunun kanwa. Wani bawan Allah da ke huɗa kusa ya kawo shanunsa biyu. Shehu ya fiddo igiyarsa ta roba, shuɗiya, aka ɗaura. Shanu suka ja, tas! Aka ƙulla, suka sake ja, tas! Rana na yi, lokacin ɗaurin aure na matsowa, kuma Baba ne waliyyin ango.

Duk wannan abu Gwaggo na zaune bisa wani dutse, ƙulli a cinya, tana kallon sama.

Shehu ya matso yana sosa ƙeya. "Gwaggo, ko za a taimaka muna da igiyar ga?"

"Wace? Ta wiwi? A'a ɗana, kada a tsare ka."

"Don Allah Gwaggo, wasa nikai."

"Ban ji ba. Kunnen ya tsuhwa."

Sai da Shehu ya tsaya tsakiyar taɓo, gaban mai shanu da fasinjoji, ya ɗaga murya: "Na tuba! Gwaggo mai zare ce!" Sannan ta juya ga ƙaninta.

"Kai hwa, Liman ƙarami? Halas ne a ja ka da ita, ko mu jira ta roba ta haihu?"

Baba ya dubi agogo, ya dubi rigarsa. "Yaya, lalura ce. A ɗaura."

Aka ninka biyu aka ɗaura. Mai shanu ya yi musu tsawa, igiya ta miƙe tana ƙara kamar za ta yi magana. Sai ga mota ta fito fit, kamar an zare ƙafa daga kwaɓaɓɓiyar ƙasa. Muka sa ihu. Gwaggo ko murmushi. Ta karɓi igiyarta ta bi ta da yatsa daga farko har ƙarshe, ta miƙa wa Shehu.

"Wanke ta. Ba haka na ba ka ita ba."

Bayan mun dawo da 'yan kwanaki na ga Baba yana kai da kawo a ƙofar ɗakinta. Can ya yi gyaran murya.

"Yaya, igiyar gugan masallaci ta tsinke."

"Subhanallahi! Ummaru, wiwi cikin rijiyar masallaci?"

"Ai tubabbe ne," in ji Baba, can ƙasa-ƙasa.

Dariyar da ta yi ran nan har sai da aka kawo mata ruwa. Da dare ya yi kuwa Baba ya cinye tuwonta ya nemi ƙari. Da rani ya zagayo aka sake kiran taro, waɗanda alwala ta kama bara su ne a sahun gaba.

Ba ta ga girbi na biyu ba. Ciwon da ya kwantar da ita bai daɗe ba, kuma har ƙarshe bakinta bai mutu ba. Amma wata la'asar ina zaune gefenta ta yi wata magana da ban taɓa ji daga gare ta ba. Kun san aure ya kai ta Gidan Goga tun tana yarinya, can ta tsufa, can ta binne mijinta, sai da 'yan bindiga suka tashi ƙauyukan wajen ta dawo mana da zanen jikinta kawai. Ba ta taɓa yin zancen ba, mu ma ba mu tambaya.

Ta ce, "Lawwali, ka san mi ka damuna? Ba ɗakin ba, ba tumakin ba. Auduga na baro ta hwashe, hwara tas, washegari za mu tsinka. Har yau ina ganinta tsaye tana jira."

Na riƙe hannunta, yatsun nan masu kaushi, har ta yi barci.

Allah ya jiƙan Gwaggo Hajo, ya yafe mata, ya haskaka makwancinta. Allah ya kawo mana zaman lafiya a ƙasar nan, kowa ya koma gonarsa, wanda ya shuka ya tsinka da hannunsa. Amin.