Soron da Kawu Abdulbaƙi Ya Hana a Taɓa

Kawuna Abdulbaƙi masinja ne a sakatariya har ya yi ritaya, kuma ni dai na ce aikin nan ne ya cuce shi. Mutumin kirki ne, kullum yana sahun farko a masallaci, bai taɓa cin hakkin kowa ba. Amma da zarar an ce masa gwamnati ce ta faɗa, to magana ta ƙare. Tun yana saurayi yake rusuna wa masu tebur, har ya tsufa bai miƙe ba.

A gidan kakanninmu da ke cikin birni, can ta wajen Ƙofar Gayan, akwai wani tsohon soro na ƙasa. Rufinsa ginin bakan gizo ne, bakuna na ƙasa masu lanƙwasa ke riƙe da shi, an yi masa zanen laka mai tudu-tudu, an shafe da shuɗi da ja da fari, ga tasa a manne a tsakiya. A nan aka raɗa mana suna dukkanmu. Kawu ne ke riƙe da shi tun rasuwar yayyensa.

Soron ƙasa ba ya son wasa. Duk shekara kafin ruwa ya sauka sai an hau sama an sake yaɓe, an toshe tsaga, an buɗe indararo. Maza su kwaɓa ƙasa, mu mata mu jawo ruwa mu dama kunu. Kawu da kansa ke fara hawa tsani, da wandonsa a naɗe, yana faɗa da kowa. Haka muka taso muka gani.

Sai ga wasu mutane da mota da kyamara, suka ce daga ma'aikata suke, soronmu kayan tarihi ne, an ba da kwangilar gyara zanen rufin da fentinsa. Suka ce kada kowa ya ƙara taɓa ginin sai ɗan kwangila ya zo. Kawu ya rasa inda zai sa kansa don murna. Har lemo ya sayo musu.

Da zafi ya tsananta na je na same shi.

"Kawu, yaushe za a hau sama?"

"Batulu, ba ki ji abin da aka ce ba? An ce kada a taɓa."

"Ciki suka ce za su gyara. Waye zai yi saman?"

"Ke kin fi su sani ne? Mutanen da suka yi jami'a?"

"Ruwan sama bai yi jami'a ba, Kawu."

Ya ce bakina ne ya kore ni daga gidan miji. Na ce ai shi Kawun ne ya kai ni gidan. Muka rabu a haka.

Ɗan kwangilar ya zo kuwa, ba zan yi masa ƙarya ba. Wani Alhaji Muntasir, mai fara'a. Ma'aikatansa suka kafa katako, suka kankare, suka cike inda ya ɓantare, suka shafa fenti mai ƙyalli. Ya yi kyau, wallahi ya yi kyau. Na tare Alhajin a ƙofar gida na tambaye shi saman fa. Ya ce, "Hajiya, aikina daga ciki ne. Sama wata kwangila ce daban, tana nan tafe." Na ce to a bar mu mu yi da kanmu. Ya ce shi ba shi da ikon ba da izini. Ya shiga mota.

Damina ta shigo. Na fara ganin fentin yana kumbura kamar ƙuna. Na nuna wa Kawu, ya ce sabon fenti haka yake yi. Amma da idona na gan shi ya ajiye bokiti a kusurwa, ya rufe shi da tabarma don kada in gani. Ya sani sarai. Abin da ya fi ƙona min rai ke nan.

Ranar wata Juma'a cikin marka, da ya tafi masallaci, na kira Nafi'u magini da ƙannena muka hau. Indararo ya toshe da ciyawa, ruwa ya kwanta a sama kamar kududdufi, ƙafa na nutsewa cikin ƙasar. Nafi'u ya ce azarar gefen gabas ta riga ta ruɓe, sai dai a ceci sauran. Muka zubar da ruwan, muka shimfiɗa leda, muka danne da duwatsu. Kafin sati ya zagayo gefen gabas ya rufto, da tasar da duk zanen da ke kewaye da ita. Allah Ya sa babu kowa a ciki. Baka ɗaya ne ya tsaya, wanda muka rufe samansa da leda.

Kun san abin da Kawu ya yi? Ya wanke babbar rigarsa, ya sa hula, ya hau a-daidaita zuwa ma'aikatar, wai zai kai ƙarar kansa, iyalinsa sun karya doka sun taɓa gini. Ya wuni a kan benci. Da la'asar wani ma'aikaci ya ce masa wanda ya san maganar an yi masa canjin wurin aiki, kuma dama ba a hana mai gida yaɓe rufinsa ba, ai wannan kowa ya sani.

Ya dawo gida. Na kai masa tuwo, ya tura gefe. Can ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Ki tambayi Nafi'u ko bakan da ya rage zai kai kaka."

Na tambaya. Nafi'u ya ce bai sani ba.