Izinin da Hajara Ta Mutu Tana Jira

A watan nan ƙanwata Hajara ta cika shekara ashirin da ɗaya a ƙarƙashin ƙasa. Ana cewa daɗewa tana sanyaya zuciya. Tawa dai ba ta sanyaya ba, bana ma ta fi tafasa, domin Bilkisu, 'yar da Hajara ta haifa ranar da ta rasu, wadda na raina tun tana cikin tsumma, yau cikinta na fari wata takwas. In na ga ta miƙe da ƙyar tana dafa bango sai gabana ya faɗi. Wanda maciji ya sara, ko igiya ya gani sai ya zabura.

Bari in faɗi yadda aka yi, don na gaji da jin "kwananta ne ya ƙare". Na sani, kowa da kwanansa. Amma Allah bai ce a zuba wa mutum ido yana mutuwa ba.

Hajara tana aure a wani ƙauye gaba da Baure. Mijinta Malam Sani fataucin dabbobi yake yi, mutumin kirki ne, ban taɓa jin ya ɗaga mata murya ba. Da haihuwa ta matso sai na baro Daura na je na zauna da ita, tun da mahaifiyarmu ba ta da rai. Ranar ya yi sammako ya kora awaki kasuwar Kongolam, ita kuwa kunya ta hana ta gaya masa mararta tana ciwo. Da hantsi ta haihu a ɗaki, a hannun ungozoma. Jaririya ta faɗo lafiya tana tsala kuka. Mabiyiya ce ta ƙi fita, jini kuma ya ɓalle.

Ungozoma ta yi iyakar saninta. Ta ba ta kwalba ta hura, ta sa mata muciya a baki, aka kawo rubutu ta sha. Da muka canza zani na uku, tsohuwar da kanta ta ce, "Wannan ya fi ƙarfina, ku kai ta asibiti." Kuma mota tana nan! Maƙwabcinsu mai a-kori-kura har ya sauke buhunan geronsa ya juyo da ita ƙofar gida.

Na fita zaure na durƙusa gaban surukinta na yi bayani. Ya ce, "Mace ba ta fita gidan miji sai da izininsa. Ni ubansa ne, ba mijinta ba. A je a kira shi." Lokacin ba a daɗe da ƙaddamar da shari'a a jiharmu ba, kowa ya zama malami, kowane mai gida yana tsoron a ce a gidansa aka saɓa. Wayar hannu ba ta iso ƙauye ba. Aka tura mutum a babur ya je ya lalubo mutum ɗaya a kasuwar dabbobi ta kan iyaka.

Ni kuma me na yi? Na koma ɗaki na zauna. Wannan ne abin da na kasa yafe wa kaina. Ni malamar makaranta, mai yi wa 'ya'yan mutane tsawa kullum, kunyar surukai ta ɗaure mini baki. Na yunƙura sau ɗaya zan koma zaure, Hajara ta riƙe mini zani ta ce, "Yaya, kar ki yi musu da Baba, za a ce ba mu da tarbiyya." Aka kira azahar muna zaune. Daga nan ta daina magana, tafin hannunta ya yi sanyi.

Bayan la'asar Malam Sani ya iso. Tun babur bai tsaya ba ya diro yana cewa, "Wa ya ce ku jira ni? Wa ya ce?" Shi ya ɗauke ta da hannunsa ya sa a mota. Kafin mu shiga Baure ta cika, kanta a kan cinyata.

A zaman makoki limamin garin ya buɗe baki ya ce ceton rai ba ya jiran izinin kowa, larura tana da nata hukunci. Na ce a raina, Allah gafarta Malam, ina wannan karatun yake jiya? Juma'a nawa aka yi ana wa'azin fitar mata da tsawon hijabi, ba a taɓa tsayawa an gaya wa maza cewa in jini ya ɓalle a ɗauki mace a gudu ba? Addini bai kashe ƙanwata ba. Rabin karatu da girman kan zaure ne suka kashe ta, ni kuma na taya su da shiruna.

Nakan tambayi kaina, da Hajara za ta leƙo yau me za ta ce? Mai tsokana ce, za ta fara da dariyar ganin tsohuwa irina da waya a kunne. Za ta ga kwalta, ta ga ɗakin shan magani a garuruwan da da babu. Sannan dariyar ta tsaya. A unguwarmu, cikin garin Daura, ba nisa da rijiyar Kusugu, zazzaɓi ya sa wani yaro jijjiga bara da damina. Uwarsa ta tsaya a tsakar gida da waya a hannu tana ta kiran mijinta, wayarsa a kashe, asibiti kuwa ko da ƙafa ana zuwa. Yaron ya rayu, amma har yau ba ya ji. Haba jama'a! Laifin me ya yi? Ita ma Bilkisu laifin me ta yi da ta tashi da nonon maƙwabta da madarar akuya? Ana ta taro kan haƙƙin yara, ni dai haƙƙin da na sani na farko shi ne a bar wa yaro uwarsa da rai.

Mijin Bilkisu, Auwalu, direba ne, yana kai kaya Nijar. In ya tsallaka Kongolam sai a kwana uku ba a same shi a waya ba. Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka makon jiya na yafa mayafina na je gidansu, na sa aka kira mahaifinsa da limamin unguwa. Na ce ina so Auwalu ya ba da izini yau, a gaban shaidu, cewa ko yana nan ko ba ya nan, da zarar naƙuda ko ciwon yaro ya taso a kai su asibiti. Mahaifiyar Auwalu ta riƙe haɓa ta ce, "Hajiya, wannan ai mugun fata ne." Na ce, "Mugun fata na riga na gan shi da idona, na wanke shi na sa masa likkafani." Auwalu ya sunkuyar da kai ya ce mini, "Inna, na ba da izini." Na ce ya ƙara da ƙarfi, don Bilkisu ta ji daga ɗaki. Ya ƙara.

Har yau duk wanda ya tuna Hajara sai ya ce, "Allah ya jiƙanta, mai haƙuri ce." Gaskiya ne, kuma ba abin da ke ɓata mini rai kamar wannan yabon. Haƙurin da ake yaba mata shi ya zaunar da ita cikin jini daga hantsi zuwa la'asar. Abin da ya rage mini nata shi ne wushiryarta da dariyarta, duka suna nan a fuskar Bilkisu, kuma na gode Allah. Wancan haƙurin kuwa ban yarda a gaje shi ba.

Da zan fito daga gidan, Bilkisu ta rako ni har soro. Na zaci za ta ce na ba ta kunya gaban surukanta. Sai ta tsaya ta ce, "Inna, da kin ɗauke ta ranar ba ki saurari kowa ba, da ta rayu?"

Shekara ashirin da ɗaya ina tsoron wannan tambayar. Na ce, "Allah kaɗai ya sani, Bilkisu. Abin da na sani shi ne mota tana ƙofar gida, kuma ban ɗauke ta ba."

Allah ya sa Hajara ta huta, mu kuma da muka zauna muna jira, ya yafe mana.