Ranar da na je aron komi

Shekarun baya, ina koyarwa a wata firamare kusa da Boyekai, baƙo ne ni daga Filato. Ranar Lahadi nakan hau mashin zuwa ƙaramar majami'armu a Goronyo. Da Kirsimeti ta ƙarato aka ce za a yi wasan haihuwar Yesu, ni kuma da bakina mai kaudi na ce a bar mini samo komin dabbobi, abin da Linjilar Luka ta ce an kwantar da jaririn a ciki.

Mutum ɗaya na sani mai komi: dattijon da nake haya a gidansa, makiyayi, Musulmi mai yawan ibada. Shekara biyu muna zaman mutunci, ban taɓa buɗe baki kan addinina ba. Tsorona kada gaskiya ta ɓata zaman. Har na shirya ƙarya, wai akuya zan saya.

Na durƙusa na gaishe shi, na ce ina son ya ara mini komi. To, a Sakkwatanci "komi" shi ne komai, ni kuwa harshena bai iya bambanta su ba. Ya dube ni ya ce, "Komi, malam? Hadda shanun?"

Dariyar da muka yi ce ta kashe ƙaryar. Da ya tambaye ni mi zan yi da shi, sai kawai na faɗa masa. Na ba shi labarin tun daga farko, ba littafi a hannu: tafiyar Baitalami, rashin masauki, makiyayan da suka baro daji suka zo ganin jariri. Ban tsallake ko ɗaya ba.

Da na gama ya ce su a wurinsu a gindin dabino Nana Maryamu ta haihu. Sannan ya yi tambayar da ban taɓa jin wani fasto ya yi ba: da makiyayan suka taho, wa ya tsaya wa bisashe? Na ce wallahi Luka bai faɗa ba.

Ya tambayi abin da zan shimfiɗa a ciki. Na ce ƙaiƙayin gero, tunda yana da laushi a ido. Nan ne ya ɗaga murya: "Ƙaiƙayi ga jinjiri? Kai malam, ka ji tsoron Allah!" Na ce ai 'yar tsana ce. Ya ce ko ta mi ce. Da hannunsa ya wanke komin, ya shimfiɗa harawa, ya ɗaure mini a bayan mashin.

Har yau ina alfahari da wannan safiya. Na karanta labarin nan a gaban jama'a sau da yawa, amma ban taɓa faɗinsa da kyau kamar ranar da na faɗa wa mutum ɗaya ina tsoro ba. Shekara huɗu na ƙara a gidansa. Duk Disamba kafin in buɗe baki zai rigaye ni: "Malam, wane komin kaka so bana?"